William Astbury (1898–1961): Masanin da Ya Karanta Tsarin Ulu da Zaren Gyaɗa da Hasken Eksire

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar William Thomas Astbury, masanin fiziya ɗan ƙasar Ingila, wanda ya shafe shekara 33 a Jami'ar Leeds yana amfani da hasken eksire wajen gano yadda ƙananan ƙwayoyi suke jeruwa a cikin ulu da gashi da fata da sauran zaruruwa. An kawo asalinsa da karatunsa, da bayanin dabarar da ya yi aiki da ita, da abin da ya gano, da wuraren da ya yi kuskure. An kuma waiwayi ɓangaren aikinsa da ya shafi gyaɗa, amfanin gonar da ya raya tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda da kasuwannin Shinkafi da Zurmi a daidai shekarun da yake bincikensa. Maƙalar ta nuna cewa babbar gudummawarsa ita ce tabbatar da cewa halin abu yana rataye ne da yadda sarƙar ƙwayoyinsa ta naɗe ko ta miƙe, kuma wannan fahimta ta fito ne daga kayan sana'a irin waɗanda masaƙi da majemi da mai ƙuli-ƙuli ke taɓawa kullum.

Fitilun kalmomi: Astbury, hasken eksire, furotin, ulu, gyaɗa, Ƙauran Namoda

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda, inda ya tuƙe. Tun daga nan garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga ta arewacin ƙasar Zamfara, wadda a lokacin take cikin Lardin Sakkwato. Idan kaka ta yi, manoman yankin Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan da ke gaɓar gulaben Bunsuru da Gagare sukan ɗoro kaya a kan jakuna da raƙuma zuwa wurin awo, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko, jirgin ruwa ya tsallaka da su Turai. Abin da aka sani a gida game da makomar wannan gyaɗa shi ne mai: a matse ta a yi man girki da sabulu, a ba dabbobi tunkuzar. Abin da ba kasafai ake ambata ba shi ne, a cikin waɗannan shekaru ne wasu masana a Ingila suka juya tunkuzar gyaɗa ta zama zare, aka saƙa shi, aka ɗinka tufafi, har ɗaya daga cikinsu ya riƙa zuwa wurin lacca da kwat ɗin gyaɗa a jikinsa.

Wannan mutum shi ne William Thomas Astbury, wanda ya kama aiki a Jami'ar Leeds a 1928, shekara guda kafin jirgi ya iso Ƙaura. Zaren gyaɗa ɗan reshe ne na aikinsa. Abin da ya sa tarihin kimiyya ke tunawa da shi shi ne kasancewarsa cikin mutanen farko da suka haska eksire a kan abubuwan da ke fitowa daga jikin mai rai, suka auna maimaituwar tsarin da ke cikinsu a ma'aunin da bai kai nanomita guda ba. Manufar wannan maƙala ita ce gabatar da rayuwarsa ga masu nazarin Hausa, tare da bayyana ainihin aikin da ya yi cikin harshen manomin gyaɗa da masaƙi da majemi, tunda irin kayan sana'arsu ne ya ƙarar da rayuwarsa a kansu.

2.0 Asalinsa da Karatunsa

An haifi Astbury ranar 25 ga Fabrairu, 1898, a garin Longton da ke yankin Stoke-on-Trent, cibiyar masu ginin tukwane da tangaran ta ƙasar Ingila. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma mahaifinsa da aikin tangaran yake ciyar da su. Gidan ba na masu hali ba ne, don haka kowane matakin karatu da ya taka, da tallafin da ya ci ta hanyar jarrabawa ya taka shi, tun daga babbar makarantar Longton har zuwa Kwalejin Jesus ta Jami'ar Kambirij, inda ya fara da kimiyyar sinadarai.

Yaƙin Duniya na Farko ya katse masa karatu bayan zango biyu kacal. Da yake an taɓa yi masa tiyata a ciki, ba a tura shi fagen daga ba. A 1917 aka kai shi birnin Cork na ƙasar Ailan a rundunar likitocin soja, a can kuma ya haɗu da Frances Gould, wadda ya aura a 1922, suka sami ɗa da 'ya. Bayan yaƙi ya koma Kambirij, ya karkata ga fiziya, ya kammala a 1921.

A wannan shekara ce ya shiga ƙarƙashin William Henry Bragg a birnin Landan, da farko a kwalejin jami'a ta birnin, daga 1923 kuma a cibiyar bincike ta Royal Institution. Bragg ya tara matasa masu hazaƙa, cikinsu har da J. D. Bernal da Kathleen Yardley, wadda daga baya aka sani da Kathleen Lonsdale. A 1924 Astbury da Yardley suka fitar da jadawalin da ke taimaka wa mai bincike ya gane, daga hoton eksire, wanne ne cikin nau'o'in jeri 230 da kiristal kan iya ɗauka. A 1926 Bragg yana shirya lacca ga jama'ar gari game da tsarin abubuwan yau da kullum, sai ya sa Astbury ya ɗauko masa hotunan eksire na zaruruwa irin su ulu da siliki. Hotunan sun fito dishi-dishi, irin waɗanda masana kiristal na lokacin ke kawar da kai daga gare su. Astbury kuwa a nan ya sami abin da zai yi har ƙarshen ransa.

3.0 Yadda Hasken Eksire Ke Auna Abin da Ido Ba Ya Gani

Bahaushe ya san eksire a asibiti, inda ake ɗaukar hoton ƙirji ko na karaya. Wannan hoto inuwa ce: hasken yana ratsa tsoka, ƙashi ya tare shi. Aikin Astbury ya dogara ne ga wata ɗabi'ar hasken ta daban, wato yadda yake watsuwa idan ya ci karo da abubuwan da ke jere bisa ƙa'ida.

Ana iya gwada wannan ɗabi'a a gida. Wanda ya dubi fitila mai ƙarfi daga nesa da daddare ta cikin siririn mayafi mai saƙa ƙanana, zai ga hasken ya rabu ya zama ɗigo-ɗigo a jere, a tsaye da a kwance. Idan saƙar ta fi matsuwa, ɗigon sukan fi nisanta da juna. Ke nan, ko da ido bai iya ƙirga zaren mayafin ba, ana iya lissafa tazarar da ke tsakaninsu daga tazarar ɗigon. Dalili shi ne haske yana tafiya kamar igiyar ruwa, da tudu da kwari. Igiyoyin da suka fito ta kafofin saƙar sukan haɗu, a wasu kusurwoyi tudu ya hau tudu haske ya ƙaru, a wasu kuma tudu ya faɗa kwari su shafe juna.

Sharaɗin wannan awo shi ne zangon hasken, wato tazarar da ke tsakanin tudu da tudu, ya kusanci tazarar abin da ake son aunawa. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma kaurin silin gashin mutum yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700, alhali tazarar da ke tsakanin atam da atam ba ta wuce 'yan kasoshi cikin goma na nanomita ba. Hasken eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, shi ne ya dace da wannan ma'auni. Wanda ake samu daga tagulla zangonsa nanomita 0.154 ne. A 1912 Max von Laue da abokan aikinsa suka nuna cewa kiristal yana watsa eksire ya ba da ɗigo a jere. A wannan shekarar Lawrence Bragg ya fitar da ƙa'idar da ta haɗa kusurwar ɗigo da tazarar jerin atam, mahaifinsa William kuma, wanda a lokacin farfesa ne a Leeds, ya ƙera na'urar aunawa. Su biyun suka sami kyautar Nobel a 1915.

Gishiri da sukari da lu'ulu'u suna ba da ɗigo masu kaifi, domin jerinsu cikakke ne ta kowace fuska. Zare kuwa jerinsa rabi-da-rabi ne: dogayen sarƙoƙin ƙwayoyinsa sun fuskanci wuri guda, amma ba su daidaita da juna ta gefe ba. Saboda haka hotonsa yakan fito da 'yan bakuna da tabo marasa kaifi, bayan an bar shi sa'o'i masu yawa a gaban hasken. Masana a Jamus sun riga sun karanta irin wannan hoto na auduga da siliki a shekarun 1920, suka gano cewa tsarin sarƙar auduga yana maimaituwa duk bayan kimanin nanomita 1.03. Ulu ya fi su rikitarwa, kuma shi ya jira Astbury.

4.0 Leeds: Ulu da Gashi

Yankin Yorkshire, inda Leeds take, da saƙar ulu ya yi arziki, kuma jami'ar tana da sashen nazarin masaƙa wanda ƙungiyar masu sana'ar tufafi ta Landan ke tallafa wa. A nan aka naɗa Astbury malamin fiziyar zaruruwa a 1928. Tambayar da masu masaƙa ke son a amsa musu ta kasuwa ce: me ya sa ulu ke miƙewa ya koma, auduga da siliki kuwa ba sa yi? Jiƙaƙƙen silin ulu, idan aka ja shi a hankali cikin tururi, yana iya kusan ninka tsawonsa, idan aka sake shi kuma ya koma yadda yake.

Ulu da gashi da farce da ƙaho da kofato duk furotin guda ne ya gina su, wanda ake kira keratin. Furotin kuwa sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyi da ake kira amino asid, iri ashirin, waɗanda ke jere kamar 'ya'yan jigida. Astbury ya ɗauki hoton gashi yadda yake, ya ga tsarinsa yana maimaituwa duk bayan nanomita 0.51. Ya jiƙa shi, ya ja shi, ya sake ɗauka, sai wancan tabo ya ɓace, wani sabo ya bayyana da ke nuna maimaituwa duk bayan kimanin nanomita 0.34, kusan irin na siliki. Da ya saki gashin ya koma tsawonsa, hoton farko ya dawo. Ya kira yanayin farko alfa, na biyu kuma beta.

Fassarar da ya yi wa wannan sauyi, cikin rubuce-rubucen da ya fitar tare da A. Street a 1931 da H. J. Woods a 1933, ita ce ginshiƙin sunansa. A gashin da ba a ja ba sarƙar furotin a naɗe take bisa ƙa'ida; ja yana warware naɗin har sarƙar ta miƙe; sakewa kuma yana ba ta damar sake naɗewa. Siliki ba ya miƙewa domin sarƙarsa a miƙe take tun asali. Wato abin da hannun masaƙi ke ji a zare, daga siffar ƙwayar da ido ba ya gani ya taso. Abokin aikinsa J. B. Speakman, masanin sinadaran ulu, ya ƙara bayanin ƙulle-ƙullen farar wuta da ke ɗaure sarƙa da sarƙa ta gefe. Ruwa da zafi suna sassauta ƙananan ɗaurin, sinadari kuma yana kwance manyan. Da wannan ake fahimtar abin da ke faruwa idan mai kitso ta miƙar da gashi da zafi ya sake murɗewa da ya sha ruwa, da kuma dalilin da ya sa man miƙar da gashi ke daɗewa bai saki ba. A 1933 Astbury ya tattara darussansa cikin littafi a kan tushen tsarin zaruruwa, wanda ya rubuta domin ɗalibai da ma'aikatan masaƙa.

Daga nan ya faɗaɗa bincike da tallafin Gidauniyar Rockefeller ta Amurka. Ya nuna cewa furotin ɗin tsoka, da na saman fata, da wanda ke daskarar da jini, duk suna ba da hoton alfa irin na gashi, kuma ana iya jan su su koma beta. Ya ɗauke su dangi guda, ya ware kolajin, wato furotin ɗin jijiya da cikin fata, a matsayin dangi na biyu. Kolajin shi ne abin da majemi ke sarrafawa idan yana jimar fatar jar akuyar Sakkwato. A kansa ne kuma aka ga amfanin duban hasken da ya watsu a ƙaramar kusurwa, dab da tsakiyar hoto, domin gwargwadon girman tazara gwargwadon ƙanƙantar kusurwa. Ta wannan hanya Richard Bear ya auna a Amurka, a 1942, cewa tsarin busasshen kolajin yana maimaituwa duk bayan kimanin nanomita 64. A 1940 aka zaɓi Astbury cikin ƙungiyar Royal Society, wadda ita ce ƙololuwar karramawa ga masanin kimiyya a ƙasarsa.

5.0 Zaren Gyaɗa

Ba duk furotin ne ke zuwa a siffar zare ba. Na cikin farin ƙwai da jini da ƙwayar iri dunƙulallu ne, suna narkewa cikin ruwa, kuma masana da yawa na ganin su wani jinsi ne daban. Astbury ya yi hasashen cewa su ma sarƙoƙi ne, an dai naɗe su ne kamar dunƙulen zare. A 1935, tare da Sylvia Dickinson da Kenneth Bailey, ya nuna cewa idan aka warware furotin ɗin iri da sinadari, aka ja shi, yana ba da hoton eksire irin na zare. Idan haka ne, to ana iya ɗaukar furotin mai araha, a warware shi, a kaɗa shi ya zama madadin ulu.

Gyaɗa ta dace da wannan buƙata. Kusan rubu'in nauyinta furotin ne, idan aka cire mai kuwa, abin da ya rage yakan kusanci rabi furotin. Wannan ragowa ita ce matan Hausa ke kira tunkuza, su mulmula su soya ta zama ƙuli-ƙuli. Astbury da Bailey da Albert Chibnall suka kai tunaninsu ga kamfanin sinadarai na ICI, wanda ya ci gaba da gwaji a masana'antarsa ta Ardeer a ƙasar Sikotilan, daga nan kuma zaren ya samo sunansa na kasuwa, Ardil. Hanyar yin sa ita ce a cire man ba tare da zafi mai yawa ba, a narkar da furotin ɗin cikin ruwan soda, a bar shi ya yi kauri, a turo shi ta ƙananan huji zuwa cikin ruwan asid inda yake daskarewa sili-sili, sannan a ƙarfafa shi da sinadarin fomalin. Zaren yana da laushi da ɗumi irin na ulu. Daga shi aka ɗinka wa Astbury kwat ɗin da ya riƙa nuna wa masu sauraronsa, kuma da wannan kwat ne masanin tarihi Kersten Hall ya sa wa littafin da ya rubuta a kansa a 2014 suna.

A 1951 ICI ya buɗe babbar masana'antar Ardil a garin Dumfries, a 1957 kuma ya rufe ta. Dalilan suna da yawa. Zaren yana raunana idan ya jiƙe, don haka sai an gauraya shi da ulu ko wani zare. Zaruruwan roba irin su nailan da Terylene sun shigo kasuwa da ƙarfi da araha. Samun gyaɗa mai rahusa ma bai zo da sauƙi ba, domin ƙasar Ingila tana fama da ƙarancin mai bayan yaƙi, kuma gagarumin shirin noman gyaɗa da gwamnatinta ta fara a Tanganyika a 1947 ya rushe a 1951. A ƙarshen shekarun 1940 kuwa, gyaɗar da ƙananan manoman Arewa suka noma da fartanya ta taru dala-dala a Kano, saboda jiragen ƙasa sun kasa kwashe ta a kan kari.

Kasuwa ta kashe Ardil, amma tunanin da ya haife shi ya rayu. A cikin gwaje-gwajen 1935 Astbury ya dafa farin ƙwai, ya ja shi, ya ga wani hoto da ke nuna sarƙoƙi a miƙe amma a gicciye da tsawon zaren. Bayan rasuwarsa aka gano cewa irin wannan tsari ne furotin ke ɗauka idan ya warware ya cure a cikin jiki, kamar yadda ake gani a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer.

6.0 Sinadarin Gado da Hoton da Ya Ajiye

A 1937 wata matashiya mai suna Florence Bell, wadda ta yi karatu a Kambirij, ta zo ɗakin bincikensa. Da samfurin sinadarin DNA da Torbjörn Caspersson ya aiko daga Suwidin, ta ja zare, ta ɗauki hotuna. A 1938 su biyun suka bayyana cewa ƙwayoyin wannan sinadari suna jere ɗaya bisa ɗaya kamar kwabban da aka ɗora, da tazarar kimanin nanomita 0.34. Wannan awo daidai ne, kuma yana cikin abubuwan da James Watson da Francis Crick suka dogara da su a 1953; sun ambaci aikin Astbury a takardar tasu. Sai dai samfurin da ya gina yana da kurakurai. Ya kwantar da wasu sassan ƙwayar da ya kamata su tsaya, kuma da ya ga tazarar ta yi daidai da ta keratin a yanayin beta, sai ya ɗauka cewa furotin da DNA an yi su ne su dace da juna kamar ƙwarya da faifai. Daidaituwar kuwa katari ce kawai. Yaƙi ya ɗauke Bell a 1941, aikin ya tsaya. Duk da haka, lokacin da Oswald Avery da abokansa suka nuna a 1944 cewa DNA ne ke ɗauke da gado, Astbury yana cikin 'yan tsirarun da suka gane girman lamarin nan take.

Shekarar 1951 ta zo masa da abubuwa biyu masu nauyi. Na farko, Linus Pauling da Robert Corey da Herman Branson sun fitar daga Amurka da ainihin siffar naɗin alfa: murɗi ne mai zagayawa kamar matattakalar hasumiya, amino asid 3.6 a kowane zagaye. Astbury ya shafe shekara ashirin yana neman wannan siffa. Samfurinsa na farko Hans Neurath ya soke shi a 1940 saboda bai bar wa rassan sarƙar wurin zama ba, gyaran da ya yi da Bell a 1941 ma bai kai ga gaci ba. Abin da ya ɗaure shi shi ne adadin da ya auna da kansa, 0.51, wanda yake ganin dole kowane samfuri ya fitar da shi. Murɗin Pauling 0.54 yake bayarwa, amma Pauling ya amince da ƙa'idojin haɗuwar atam, ya bar saɓanin zuwa gaba. Max Perutz ya tabbatar da murɗin a wannan shekarar da silin gashin doki, ta hanyar karkata shi a gaban hasken. Ba da jimawa ba Crick, da Pauling a nasa ɓangaren, suka warware saɓanin: a cikin gashi murɗaɗɗun sarƙoƙin suna tufke da juna kamar igiyar rama, kuma tufkar ce ke rage 0.54 zuwa 0.51. Awon Astbury daidai ne, abin da yake aunawa ne ya fi yadda ya zata hawa guda. Pauling ya riƙe sunayen alfa da beta, kuma da su ake koyar da tsarin furotin har yau.

Na biyu, a tsakiyar 1951 mataimakinsa Elwyn Beighton ya ɗauki hoton jiƙaƙƙen zaren DNA, wanda ya fito da tabo a siffar gicciye, alamar murɗi. Wannan ya riga shahararren hoton da Rosalind Franklin da Raymond Gosling suka ɗauka a Landan da kusan shekara guda. Astbury bai buga shi ba, bai kuma nuna shi a taro ba. Masana tarihi sun kawo dalilai: lissafin da ke fassara hoton murɗi sai a 1952 aka buga shi, hankalinsa a lokacin ya koma kan silin da ƙwayar cuta ke iyo da shi, kuma shi mutum ne da ya saba neman sirrin rayuwa a cikin sauyawar siffa, irin ta ulu, don haka hoto mai sauƙi irin wannan bai ba shi abin da yake nema ba.

7.0 Halinsa da Ƙarshen Rayuwarsa

Waɗanda suka zauna da shi sun bayyana shi da fara'a da zumuɗi da son raha, mai iya jan hankalin ɗalibi da ma'aikacin masaƙa a lacca guda. Yana kaɗa fiyano da goge irin na Turai, kuma ƙaunarsa ga kiɗan Mozart ta kai shi ga ɗaukar hoton eksire na silin gashin mawaƙin, wanda ya fito da tsarin alfa irin na kowane ɗan Adam. Zumuɗin nan shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa, domin yakan gina babban bayani a kan 'yan tabo kaɗan.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jami'a ta ba shi kujerar farfesa da sashe nasa. Ya so a kira fannin kimiyyar rayuwa ta matakin ƙwayoyi, sunan da yake cikin waɗanda suka yaɗa shi a duniya, amma majalisar jami'ar ba ta amince ba. Hukumar binciken likitanci ta ƙasa ta ƙi ba shi kuɗin da ya nema, kuma sashen nasa a wani tsohon gidan zama aka ajiye shi. A shekarun da suka biyo baya, a Kambirij da Landan ne fannin ya bunƙasa. Ya rasu a Leeds ranar 4 ga Yuni, 1961, yana da shekara 63, shekara guda kafin a ba da kyautar Nobel a kan tsarin DNA da na furotin. A 1999 Jami'ar Leeds ta kafa cibiyar nazarin tsarin ƙwayoyin halitta da sunansa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi Astbury daga garin magina tukwane zuwa garin masaƙa, ta nuna cewa bai warware cikakken tsarin furotin ko na DNA ba, amma shi ya kafa tambayar da waɗanda suka warware suka amsa, ya kuma bar musu awo da sunaye. Kuskurensa ma darasi ne ga kowane mai bincike, har da na harshe da adabi: hujjar da mutum ya tattaro da hannunsa tana iya zama gaskiya, fassarar da ya ɗora mata ta zama ita ce ke tare masa hanya.

Ta fuskar arewacin Zamfara kuwa, tarihin ya nuna inda darajar amfanin gona ke ƙaruwa. Gyaɗa ta bar tashar Ƙauran Namoda a buhu, an biya manomi bisa nauyi, sanin abin da ke cikinta kuma aka yi shi a wata ƙasa da wani harshe. Farin farkon shekarun 1970 da kuturtar gyaɗa ta 1975 sun durƙusar da wancan ciniki, amma tunkuza da auduga da fata suna nan a kasuwannin Shinkafi da Zurmi, kuma akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura. A yau ana yin irin awon da Astbury ya shafe sa'o'i yana yi cikin ƙiftawar ido, a manyan na'urorin da ake kira sinkurotiron, waɗanda nahiyar Afirka ba ta mallaki ko ɗaya ba tukuna. Kafin a kai ga na'ura, akwai aikin da ya rataya a wuyan masana Hausa, wato samar da kalmomi da bayanin da ɗalibin da ya tashi a gidan masu ƙuli-ƙuli zai gane cewa abin da ke cikin turmin mahaifiyarsa fagen bincike ne. Kalmomin naɗi da murɗi da tufka da warwara, waɗanda wannan maƙala ta yi amfani da su, sun nuna cewa harshen yana da jarin fara wannan aiki.